Ni Na Zaɓi Ƙaramar Inshora

Yatsu biyu na rasa a ƙafar hagu, kuma tun ranar da aka yanke su gidan nan bai koma daidai ba. Ba tafiyata nake nufi ba. Wannan na saba da ita, sandar ma ana cewa ta yi mini kyau. Abin da nake nufi shi ne kai Dauda, babban ɗana, ka ɗauki yatsun nan ka rataya a wuyan Ishaku mijin ƙanwarka Rifkatu, har yau ka ƙi saukewa. Ina jin abin da kake faɗa a shagonka da bakin coci, domin Malumfashi ba ta kai girman da magana za ta ɓace a cikinta ba. Wai ya ɗauki tsohuwa ya kai ƙasar masu kuɗi ta yi wa matarsa aiki, ya saya mata inshorar da ta fi kowace arha, da ƙafa ta ruɓe ya sa ta a jirgi ya turo muku. Kirsimetin da ya wuce ya zo gaishe ni, ka bar hannunsa a miƙe a ƙofar gida, a gaban yara. Yanzu ga bikin autana Haruna ya matso, ka ce in Ishaku ya tako gidan nan kai za ka fita. To, ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Na yi wa Ishaku alkawarin yin shiru, na riƙe alkawarin har ya fara cin gidana. A wannan takarda zan karya shi, duk wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, ina nan zaune, ba ni da ƙafar gudu.

Bari in fara da sunan da kuka laƙaba masa. Ku kuka sa masa Likita, ni ma na bi ku, domin ya fi mini sauƙi a baki, ba a san mace da kiran sunan surukinta gatsal ba. Amma Ishaku ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ne ba. Shiru kawai yake yi in an faɗa, irin shirun da masu zaman waje suke yi. Aikinsa a wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a Al Wakrah, kusa da Doha, yana ɗibar jini, yana liƙa suna a jikin kwalabe, yana wanke abin da ake wankewa. Rifkatu kuwa kamfanin masu jinya a gida take yi wa aiki. A lokacin wata tsohuwar Balarabiya take kula da ita a unguwar Al Thumama, ta juya ta, ta ba ta magani, ta goge mata jiki. Hotunan da suke turo muku a bakin teku da dogayen gine-gine a bayansu ba ƙarya ba ne. Tekun yana nan, gine-ginen ma suna nan, sai dai tsayawa a gabansu kyauta ne.

Da Ubangiji ya ba Rifkatu ciki bayan dogon jira, ni na ɗauka gida za ta zo ta haihu kamar yadda ake yi a haihuwar fari, in yi mata wankan jego a tsakar gidana. Ta ce hutun da za a ba ta gajere ne, in ta zo ta daɗe wata za a sa a gurbinta. Sai aka ce to ni in je. A wannan lokacin ne hukumar ƙasar ta kafa doka cewa baƙo ba zai samu izinin ziyara ba sai an saya masa inshorar lafiya. Ni da na ƙare rayuwata a aji da alli a hannu, inshorar da na sani ita ce ta mota, wadda marigayi babanku yake ajiyewa a aljihun gaba saboda masu tare hanya. Wata Juma'a bayan sun taso daga sujada, don a can ranar Juma'a ake zuwa coci, Rifkatu ta kira ni ta yi mini bayani.

"Mama, iri biyu ce. Akwai ƙarama, ita doka ta ce dole. In mutum ya yi hatsari, ko wani abu ya taso masa farat ɗaya, za su duba shi. Amma tsohon ciwo babu ruwansu."

"Sugana fa?"

"Ai shi ne tsohon ciwon. Babbar ce take ɗaukarsa. Kuma da yake kin haura sittin, kuɗinta..."

Na ji muryar namiji ƙasa-ƙasa a bayanta.

"Ya ce a gaya miki kada ki damu, babbar zai saya."

"Da me?"

"Akwai, Mama."

"Rifkatu, tun kina aji uku in kin yi ƙarya hancinki yake toshewa. Ga shi nan ina ji. Da me zai saya?"

Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. Ishaku ya daɗe yana tara kuɗin wata jarrabawa. In ya ci ta za a ba shi lasisin cikakken ma'aikacin ɗakin gwaji, albashi ya ƙaru, su samu gida irin na mutane. Wannan kuɗin ne zai zuba a inshorar wata tsohuwa da za ta yi kwana arba'in ta koma. Ban yi dogon tunani ba, na ce ta gaya wa Likita ƙaramar zai saya, in kuwa ya sayi babbar to ya nemi wata tsohuwar ya sa a jirgin. Sai na ji an karɓi wayar. Tun da ya auri 'yata bai taɓa yi mini magana a waya ba sai gaisuwa.

"Mama, barka da rana. Mama, don Allah a duba maganar nan. Suga ba ya sallama in zai taso."

"Ni da shi mun haura shekara goma tare, na fi ka sanin halinsa. Zan zo da maganina. Wanka na zo yi, ba zama ba."

"Mama, da dai an bari..."

"Na gama magana."

"To, Mama."

Ku lura da wannan "to" ɗin, domin a kansa komai ya rataya. Da kai ne Dauda, da ka daka mini tsawa ka je ka sayi abin da ka ga dama, in yi fushin kwana biyu in sauko. Ɗa yana da wannan dama. Suruki ba shi da ita. Ishaku mutumin Ƙafur ne, an rene shi a gidan da in surukarka ta ce ta gama magana, to an gama. Na san haka, kuma da shi na yi amfani. Ba na ganin laifin dokar. Ƙasa tana da iko ta ce kada baƙo ya zo ya kwanta mata a asibiti ba mai biya. Amma dokar a bakin ƙofa ta tsaya, ta ce kowa ya riƙe takarda, ba ta ce takardar ta isa ba. Mai hali ya sayi magani, talaka ya sayi izinin wucewa, dukansu kuma sunan abin da ke hannunsu inshora. Ni na san wadda nake saye. Ba a ruɗe ni ba, ba a ɓoye mini komai ba.

Na sauka Doha a tsakiyar zafi. Na ɗauka na san zafi, ashe wasa muke yi a Katsina. Ishaku ya ɗauko ni a wata tsohuwar mota, ya kai ni unguwar da suke kira Matar Kadim, wato tsohon filin jirgi. Muka tsaya a gaban wani babban gida mai bene, na ce a raina lallai yaran nan sun samu. Da muka shiga sai na ga an yayyanka gidan da allon katako kamar akurkin kaji, kowane yanki da iyalinsa. Nasu a sama yake, ɗaki ɗaya ne da ɗan lungun girki da banɗakin da in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. In maƙwabciyarsu Ummu Khalid, wata Basudaniya mai faɗin rai, ta yi atishawa, sai mun ce mata sannu. Rifkatu ta tsaya tana kallon fuskata, ga ciki ya yi mata nauyi. Na ce ɗakin ya yi kyau, akwai sanyi. Da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Tun daga ranar Ishaku ya bar mana ɗakin. A lungun girki yake shimfiɗa tabarma, kafin in tashi ya naɗe ta ya tafi aiki, kuma duk zamana ban ga lomar da ya kai baki ba.

Ta haifi namiji lafiya. Suka sa masa Yohanna, sunan babanku, na ce to maigidana ya dawo, sai dai wannan karon ya zo ba haƙori kuma ba ya ba da kuɗin cefane. Muka fara wanka. A nan ne na gane ba a yi garin nan don mai jego ba. Babu itace, babu tukunyar ƙarfe, babu tsakar gida. A butar lantarki da tukwanen miya nake tafasa ruwa, in juye a babban baho. Ga wani abin mamaki, a lokacin zafi famfon da aka rubuta wa sanyi shi ne yake zubo da ruwa kamar na shayi, saboda tankin yana kan rufi rana tana dafa shi. In kana son ruwa mai sanyi sai ka kashe hita ka buɗe famfon zafi. Ni kuwa na ce wannan gari ya san darajar wankan jego, rana ma tana taya ni aiki. Ganye ne ya so ya gagara, sai Ummu Khalid ta nuna mini bishiyoyin darbejiya a bayan wani masallaci, ta ce su ma a Sudan sun san amfaninta. Kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa allon da ya raba mu.

"Ya Hajja Saratu, yalla, shayi!"

Na gaya mata ni Kirista ce, ta ce duk tsohuwar da ta hau jirgi Hajja ce a wurinta. Shayinta kuwa rabinsa sukari ne, ga dabino a faranti. Na san bai kamata ba. Amma baƙo ba ya mayar da hannun maƙwabci, kuma gaskiya yana da daɗi.

Mun yi rigima da Rifkatu a kan kunun kanwa. Ta ce a asibiti sun ga matan da kanwa ta kumbura wa zuciya, ba za ta sha ba. Na ce da shi na haife ku ku uku, ta ce Allah ne ya tsare. Na bar mata wannan, domin ta fi ni karatun jiki. Amma wanka na ce ba gudu ba ja da baya, safe da yamma, da ruwan da ya amsa sunansa. Tana zaune a kan kujerar roba, ni ina tsaye a bayanta, in tsoma damin ganye a baho in fyaɗa mata a baya da kafaɗu, tana cije baki. Haka uwata ta yi mini, haka aka yi mata. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne a gida a kan ƙasa ake yi, ruwan yana zuba ƙasa tana shanyewa. A can kuwa tayil ne da 'yar magudana guda ɗaya.

Muna cikin mako na uku, wata safiya, ganyen da ya kakkarye ya toshe magudanar. Rifkatu ta ɗora ƙafafunta a kan bokitin da ta kife. Ni kuwa na tuɓe silifas don suna santsi. Ruwan ya taru a ƙasa har ya rufe mini yatsu, ban sani ba. Garin gyara baho kuma na tuntsurar da tukunyar da na sauke yanzu-yanzu, ta bi ta ƙafar hagu. Na ji ɗumi kawai, na ci gaba da aikina, har ina yi mata tsiya wai ta cika raki. Ta juyo za ta ba ni amsa sai idonta ya sauka ƙasa.

"Mama! Ƙafarki!"

"Me ya same ta?"

"Ba ki ji ba? Mama, ba ki ji komai ba?"

Na duba. Fatar ta yi fari ta tattare kamar ta kazar da aka tsoma za a fige. A lokacin ne tsoro ya kama ni, ba don ƙunar ba, don rashin zafin. Na daɗe ina jin ƙafafuna kamar na sa safa, na ɗauka tsufa ne, ban gaya wa kowa ba. Ashe sugan da na ce na san halinsa ya daɗe da cinye jijiyoyin.

Ishaku ya baro aiki a guje. Ba zan iya taka matakala ba, ga Rifkatu da ɗanyen jiki. Ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa, sannan ya juya ya durƙusa ya ba ni baya. Dauda, mutumin da ka ƙi karɓar hannunsa, a bayansa na sauko benen nan, yana ta cewa "Sannu Mama, a yi haƙuri Mama," kamar shi ya ƙona ni. A sashen gaggawa sun karɓe ni da mutunci, suka wanke, suka naɗe, suka ba ni magani, kuma ƙaramar inshorar ta biya, domin ƙuna hatsari ce. Ta yi abin da ta ce za ta yi, ba ni da bakin zaginta a nan. Har na fara cewa kun gani, ai ta wadatar.

Sai dai ƙafar mai suga ba ta warkewa don an naɗe ta. Mako ya zagayo, maimakon ciwon ya rufe sai ya fara zurfi, gefen yatsu ya yi duhu. Aka ce sai likitan da ya ƙware a ƙafar masu suga ya riƙa gani, sai wankin ciwo kullum, sai allurar suga maimakon ƙwaya. Ishaku ya kira kamfanin inshora a gabana, ya sa murya a fili don Rifkatu ta ji. Wata yarinya mai ladabi ta yi ta ba shi haƙuri. Ta ce gaggawar ta wuce, abin da ya rage jinyar tsohon ciwo ce, kuma tsohon ciwo ba ya cikin abin da aka saya. Ya yi godiya ya kashe wayar. Na zuba masa ido ina jira ya ce ai na faɗa. Da ya faɗa ma da na ji sauƙi. Sai ya ce bari ya je kantin magani kafin a rufe don salla.

Da fari Rifkatu ce take wanke ciwon. Wata safiya ta kwance bandeji, warin ya bugo ta, sai ta fashe da kuka, yaro ma ya ɗauka. Ta wanke ciwon mutane da yawa a rayuwarta, amma na uwa daban ne. Muna cikin haka muka ji murya daga bayan labule.

"Mama, a yi mini izini in shigo."

Na ja zane na rufe ƙafar. Surukina ya ga ƙafata a buɗe, ruɓaɓɓiya, mai wari? Na ce a bari Rifkatu ta huce.

"Mama, na bi maganarki sau ɗaya. Wannan karon a yi mini haƙuri."

Ya shigo da safar hannu da ruwan gishiri na asibiti, ya durƙusa, ya ɗora ƙafata a kan cinyarsa. Na ja ɗankwali na rufe fuska. Haka muka yi ranar farko, shi yana aiki ni ina cikin ɗankwali kamar amarya. Kullum kafin ya tafi aiki da bayan ya dawo sai ya yi, bai taɓa yamutsa fuska ba. A hankali na fara leƙowa. Har muka fara hira, ya ba ni labarin uwarsa da ta rasu yana ƙarami, na ba shi labarin ƙiriniyar Rifkatu. Wata rana yana naɗe bandeji na tambaye shi yaushe ne jarrabawar.

"An ɗaga, Mama."

"Wa ya ɗaga?"

Ya ci gaba da gyara filasta.

"Ishaku."

Ya ɗago a firgice, don bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

"Kuɗin ya tafi, ko?"

"Kuɗi ai don lalura ake tara shi, Mama."

Ganin likitan ƙafa, da allurai, da bandeji, da sabunta izinin zamana da inshorar wani watan, duk daga nan suka fito. Abin da na hana shi kashewa a kan babbar inshora ya kashe shi har da ƙari a kan ƙafata. Garin neman gira na rasa ido. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da aka yanke yatsun ban ji kamarsa ba.

Saura maganar cewa ya sa ni a jirgi ya turo muku. Da likitan ya ce sai an kwantar da ni, kuma jinyar za ta ɗauki lokaci, aka faɗa mana abin da baƙo yake biya. Ishaku ya ce zai je wurin kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauke shi aiki, ya karɓi albashin gaba. Rifkatu ta gaya mini abin da wannan yake nufi: zai ɗaure kansa a wurin nan shekaru, ba ƙarin girma, ba canjin aiki, ga jariri. Na ce a saya mini tikiti. Ya roƙe ni, har Ummu Khalid ya turo ta roƙe ni, ta zo tana "La, la, ya Hajja." Na ce kalas, wato an gama, da kalmarsu na rufe musu baki. Na riga na cinye jarrabawarsa, ba zan cinye shekarunsa ba. Wankan ma ban ƙarasa ba, Ummu Khalid ce ta cika wa Rifkatu arba'in da irin nasu na hayaƙi.

A hanyar filin jirgi, Rifkatu tana baya da yaro, Ishaku ya rage gudu ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Mama, ina da roƙo. In an je gida kada a faɗi yadda muke zaune."

"Za su tambayi dalilin ƙaramar inshora."

"A ce ni na saya. Ai ni na saya."

"Za su zage ka."

"Gara Yaya Dauda ya ce marowaci ne ya auri ƙanwarsa, da ya ce matsiyaci ne. In ya san ɗakin nan cewa zai yi ta dawo gida. A Ƙafur kuma ƙannena suna makaranta, ana ɗaga musu ƙafa saboda yayansu Likita ne."

Na yi masa alkawari. Na ga kamar ƙaramin abu ne in rufa asirin wanda ya wanke mini ƙafa. Na ɗauka za ku yi fushin wata biyu ku manta.

Sauran kun sani, don a gabanku aka yi. Kai Dauda ka rufe shago ka kwana a barandar asibiti a Zariya, ka yi faɗa da duk wanda ya yi jinkirin zuwa duba ni. Da aka fito da ni daga tiyata na ga idonka, na san fushin nan daga ƙauna ya fito. Kana neman wanda za ka kama ne, ciwon suga kuwa ba shi da kwalar riga. Ban raina abin da ka yi mini ba. Amma ka kama wanda ba shi da laifi, ni kuma ina kwance ina ji ina gani na bar ka, saboda alkawari. Rifkatu ta daina kiran waya in kana gida. Yohanna ya fara magana bai san muryar kawunsa ba. Ishaku kuwa har yau yana nan yana liƙa suna a jikin kwalabe, yana sake tarawa.

Makon jiya na kira shi na ce zan rubuta komai, har ɗakin, har tabarmar lungun girki.

"Mama, da an bari. Bikin ma ba sai na zo ba, Rifkatu da yaro su zo. Kada a ɓata wa Haruna rana saboda ni."

"Za ka zo."

"Mama..."

"Na gama magana."

Ya yi 'yar dariya, ni ma na yi, don mun san inda wannan kalma ta kai mu a baya. Amma ya ce to.

Saboda haka ga yadda za a yi. Ba na neman kowa ya durƙusa wa kowa, ba na son taron sulhu da dattawan coci da dogayen jawabai. Ba na kuma son in ji wani ya canza wa Ishaku suna don ya karanta wannan. Wanda ya wanke ciwo safe da yamma bai karɓi ko sisi ba, in an kira shi Likita ba a yi ƙarya mai yawa ba. Ranar bikin Haruna na ce ba zan shiga mota ba, kuma ba zan riƙe sanda a hoton auren autana ba. Daga ƙofar gida zuwa coci da ƙafata zan je, a hankali, ta gaban shagonka, kowa yana gani. Mai yatsu takwas ba ta yin wannan tafiya sai an riƙe ta hagu da dama. Hannun hagu, ɓangaren ciwon, na riga na ba Ishaku. Na dama yana nan, Dauda, ban ba kowa ba.